Neman Aure a Matsakaicin Zango

Duk wanda ya zauna a unguwar Kurayyat ta Jidda ya ce bai san Jabiru ba, to a duba kunnensa. Ba sai ka gan shi ba, muryarsa ce take riga shi isowa. Ɗan siriri ne mai dogon wuya, mutumin Gusau, da iƙamarsa ta zaman ƙasa da komai, yana gyaran mukayyif a wani shago a unguwar Khumra. Kuma wallahi ya iya aikinsa. Na'urar sanyaya ɗakin da ta shekara tana hura wa mutane wuta, in Jabiru ya sa mata hannu sai ka nemi bargo. Amma ka kuskura ka kira shi mai gyaran mukayyif, ka ga yadda zai ɓata rai kamar ka zagi na gaba da shi. Shi injiniya ne. Injiniyan me? Wannan kuma ya danganta da abin da ya kalla a waya a wannan makon.

A makon da muke magana, rediyo ya kalla. Ya ci karo da bidiyon wasu Turawa masu wasa da wayoyi, waɗanda ke haɗa 'yar na'urar watsa saƙo da wutar da ba ta isa ta kunna tocila ba, su aika a matsakaicin zango ko dogon zango, wani can a wata ƙasa ya kama. Jabiru ya kalli farkon bidiyon, ya tsallake tsakiya, ya kalli ƙarshe inda ake murna. A tsakiyar nan da ya tsallake aka nuna eriyar mutanen, wadda ta cinye gona guda, aka kuma yi bayanin cewa ba murya suke aikawa ba, wani ɗan fito ne mai jan jiki wanda sai kwamfuta ke iya tsinto shi. Shi dai ya ji abin da yake son ji, ya kashe wayar.

A cikin makon ne kuma ya je gaisuwar neman aure. Akwai wata bazawara, Rabi'atu, haifaffiyar Jidda, jikar mutanen da suka zo hajji da ƙafa tun zamanin da ba a san jirgi ba. Tela ce, mace mai dariya da kaifin baki, kuma Jabiru yana sonta so na gaske, irin wanda ke hana mutum cin abinci. Tana zaune a unguwar Safa, can nesa da Kurayyat, wajen ƙanen mahaifinta, Ammu Abdulmohsen, dattijo mai farin gemu wanda ba a taɓa kama shi yana murmushi ba, ko da shi ya yi barkwancin.

Aka zuba gahawa, aka miƙo dabino, aka gaisa aka sake gaisawa. Sannan dattijon ya tambayi Jabiru sana'arsa. Amsar tana nan a bakinsa, gajeriya mai tsafta, amma idonsa ya faɗa kan wani tsohon rediyo mai jikin katako a kan kanta, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado. Shi ke nan, sheɗan ya samu ƙofa. Jabiru ya gyara zama ya ce shi injiniyan rediyo ne. Ya ce yanzu haka yana da na'urar da, da batir ɗin tocila, za ta ɗauki muryarsa daga Kurayyat ta tsallake Bahar Maliya ta sauka a Gusau, mahaifiyarsa ta ji tarinsa.

Bandar, ɗan dattijon, wani ƙato mai sayar da kayan mota wanda Hausarsa ta fi kyau a kunne da a baki, ya ƙware da gahawa. Ammu Abdulmohsen kuwa ko gezau. Ya shafa gemu ya ce mashallah, ya ce rediyon nan na mahaifinsa ne, da shi tsohon ya riƙa laluben labarin gida har ya rasu, kuma har yau yana kama matsakaicin zango.

"Ba sai Gusau ba, ɗana," in ji shi. "Safa ta ishe mu. Ranar Juma'ar ƙarshen wata, bayan la'asar, ka tsaya a Kurayyat ka nemi auren Rabi'atu ta cikin wannan akwatin. In mun ji ka, za ka ji mu."

Jabiru ya ce ai wannan raini ne ga ilimi, amma tunda babba ya faɗa, ya karɓa. Sai da ya sauko daga benen iska ta buge shi, sannan ya tuna bai taɓa haɗa ko rediyon wasan yara ba.

Abokinsa Sadiƙ, mutumin Damagaram, mai jiki da sanyin hali, direban dabbab, 'yar motar nan ta ɗaukar kaya, ya ba shi shawara mai sauƙi: ya koma ya ce wa tsohon ya yi suɓul da baka. Ya kuma tuna masa cewa watsa magana a iska ba tare da izini ba abu ne da ke iya jawo wa baƙo magana da hukuma. Jabiru ya ce wutar da zai yi amfani da ita ƙanƙanuwa ce, ko hukuma ba za ta ji ba. Sadiƙ ya ce abin da yake tsoro ke nan, kada Ammu ma ya ƙi ji.

Abin mamaki, na'urar ta haɗu. Ya kwance wayar tagulla daga mataccen injin mukayyif, ya naɗe ta a guntun bututun roba, ya tsinto sauran kayan daga wani tsohon talabijin, ya cusa komai a gwangwanin biskit. Da ya hura makirfo, ƙaramin rediyon Sadiƙ da ke kan katifa ya hura. Jabiru ya yi tsalle har kansa ya bugi fanka. Kafin magariba ya sanar da duk wani rukunin WhatsApp da yake ciki cewa an buɗe Muryar Kurayyat, kuma duk mai son ganin tarihi ya je Safa ranar Juma'ar ƙarshen wata.

Washegari aka yi gwajin nisa. Jabiru ya hau saman bene yana karanto sunayen ƙauyukan Zamfara, Sadiƙ ya rungumi rediyo ya fara tafiya. A matattakala ana ji raɗau. A bakin ƙofa ana ji. Yana isa kantin da ke kusurwar layi, muryar ta narke cikin shuuu, wata tashar Larabci ta hau kanta da waƙa. Sadiƙ ya dawo ya ba da rahoto cewa Muryar Kurayyat ta rasu a gaban firjin lemo. Jabiru ya zargi rediyon. Da aka kawo wani, ya zargi kunnen Sadiƙ. Da aka kawo mai kanti ya saurara, ya zargi laimar iskar Jidda, ya ce ita ke jiƙa magana ta yi nauyi ta faɗo.

Sai a lokacin ya koma ya kalli tsakiyar bidiyon, ya gano maganar eriya. Ya ɗaga kai ya dubi saman benensu, sai ga arziki a shimfiɗe: igiyoyin shanyar matan gidan, duk na waya ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure da tagulla, ya tsallaka benen maƙwabta ya haɗa da nasu, har saman gidajen ya koma kamar saƙar gizo-gizo. Kowace mace ta hau shanya sai ta tarar da takarda a rataye an rubuta cewa an haramta taɓawa, akwai wuta.

Kowa ya tsorata ban da Inna Tani. Tsohuwa ce 'yar Katsina, mai sayar da waina da fura, wadda ta zo umra tun Jabiru bai iya tafiya ba, ba ta kuma ga dalilin komawa ba. Ta hau da bahon wanki a ka, ta yage takardar, ta shanya zannuwanta jiƙaƙƙu a kan eriyar tun daga farko har ƙarshe. Jabiru yana tsakiyar gwaji ya ji rediyon ya yi gum. Ya fito a guje ya ce mata ta kashe masa tasha.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Tani. "Ina za a yi zaman makoki?"

Ya yi mata bayanin cewa ruwa yana shanye igiyar magana. Ta ce to ya gode Allah, ga abin da zai shanye tasa, tunda mutanen unguwa sun kasa. Ya ce nan gaba za ta yi alfahari ta zauna gida ɗaya da shi. Ta ce tun yanzu ma tana yi, duk wanda ya zo sayen waina sai ta nuna masa ɗakin mahaukacin.

Rigimar shanya ba ta mutu ba ya ƙara wata. Bidiyon ya ce dole a binne waya ɗaya a ƙasa mai laima, in da gishiri ma ya fi. A saman bene kuwa ƙasa ɗaya ce tak: rabin duron da Tani ta shuka zogale a ciki, irin da aka kawo mata daga gida, wanda take shayarwa da ruwan alwalarta tana yi masa magana kamar jika. Jabiru ya faki idonta ya soka ƙarfe a gindin zogalen, ya kwarara masa ruwan gishiri bokiti guda. Nisan tashar ya ƙaru, gaskiya ya ƙaru, domin a ranar Sadiƙ ya wuce firjin lemo ya kai har wajen buhunan shinkafa. Zogalen kuwa ya yi yaushi, ya yi rawaya, ya zubar da ganye ya tsaya tsirara.

Ranar da Tani ta tono ƙarfen ta ɗanɗana ƙasar, ba sai an yi wa unguwa shela ba. Ta bi Jabiru da ludayin waina daga saman bene har titi, tana kiran sunayen kakanninsa da ba ta taɓa sani ba. Sannan ta koma da almakashi ta datse Muryar Kurayyat gunduwa-gunduwa. Ta rantse cewa ranar Juma'ar nan ko da rarrafe sai ta je Safa, ta zauna a gaba, ta ga ƙarshen ƙarya da idonta.

Mai hankali zai tsaya a nan. Jabiru kuwa ya ce matsakaicin zango ne ya yi masa kaɗan, dogon zango zai koma. Ya naɗe waya a jikin jarkar ruwa har hannunsa ya yi kanta, sai ya gano dogon zango ya fi ma cin eriya. Bai karaya ba. Ya ce tunda gishiri ake so, ga teku nan Allah ya ajiye kyauta, tunda tsawo ake so, ga sama. Ya sayi irin jirgin ledar nan da yara ke sakar wa iska, ya ɗaura masa siririyar waya, ya sa Sadiƙ ya kai shi Kurnish, wurin shaƙatawa na bakin teku, da yamma, lokacin da iyalai suka baje tabarmi suna shan shayi.

Jirgin ya tashi, wayar ta miƙe, Jabiru ya jefa ɗaya wayar a ruwa ya ɗaga makirfo kamar mai huɗuba. Bai gama sallama ba iska ta juya. Jirgin ya sunkuyo ya share saman tabarmar wasu Larabawa, wayar ta kwashe butar shayi da farantin kankana, ta sake tashi sama ta fizge gwangwanin biskit daga cinyar Jabiru. Gwangwanin ya bi duwatsu yana ƙarar gwangwarangwan, Jabiru na biye da shi yana roƙon a tare, har suka faɗa ruwa tare. Ya fito da na'urar a ka, ƙaya a tafin ƙafa, takalmi ɗaya ya tafi Sudan. Sadiƙ ya kwashe sauran yammacin yana ba mutane haƙuri da Larabcinsa na direbobi.

A hanyar komawa Jabiru ya yi shiru, abin da Sadiƙ bai taɓa gani ba tun da ya san shi. Can ya ce in ya rasa Rabi'atu bai san inda zai sa kansa ba. Sadiƙ ya tausaya masa, ya sake cewa ya je ya faɗi gaskiya. Jabiru ya gyaɗa kai kamar ya yarda, sai kuma idonsa ya yi haske, wannan hasken da Sadiƙ ya fi tsoro a duniya.

"Na'urar nan tana kaiwa daga ɗakina zuwa kanti ko ba ta kaiwa?"

Sadiƙ ya ce tana kaiwa.

"To daga ƙofar gidan Ammu zuwa falonsa ai bai kai haka ba."

Sadiƙ ya ce wannan sunansa ha'inci. Jabiru ya ce sunansa gwajin kusa, kuma duk manyan injiniyoyi da shi suke farawa. In an ɗaura aure, zai riƙa matsawa baya a hankali har ya isa Kurayyat, ka ga ba a yi wa kowa ƙarya ba, an dai gaggauta gaskiya ne. Sadiƙ ya ja tsaki, amma abota ta fi ƙarfinsa.

Ranar Juma'a Jabiru ya busar da na'urar, ya mayar da ita matsakaicin zango, ya sa farar riga mai aiki da hula zanna, ya kwanta a bayan dabbab aka lulluɓe shi da tamfol, sandar kamun kifi ta leƙo ta gefe da waya a jikinta. Da suka iso Safa ya ɗaga tamfol kaɗan yana neman wurin tsayawa, sai ya hango wani murfin ƙarfe a ƙasa, dab da bangon benen, daidai ƙarƙashin tagar falon Ammu. Ya san ko mene ne: bakin tankin ruwan gidan ne na ƙarƙashin ƙasa. Ga ƙarfe, ga ruwa, ga laima. Zuciyarsa ta yi fari ƙal. Ya sa Sadiƙ ya ɗora motar a kai, ya zura hannu ya maƙala wayar ƙasa a murfin, sannan ya tura Sadiƙ sama ya murɗa wa dattijo rediyo. Sadiƙ ya kulle mota, ya jefa makulli a aljihu, ya hau.

Abin da Jabiru bai tsaya ya tambaya ba shi ne dalilin da ya sa aka bar wannan wurin fili a layin da motoci suka cika maƙil. Tun safe ruwa ya ƙare a benen, kuma haris, mai gadin gidan, ya kira wayit, babbar tankar da ke kawo ruwa, yana ta leƙen hanya.

A sama kuwa falo ya cika har matattakala. Rabin Kurayyat sun zo, wasu daga Khumra da kayan aiki a jikinsu. A ɗakin mata, bango ɗaya tsakani, Rabi'atu ta ajiye ƙaramin rediyo a kan tire, Inna Tani ta zauna a gabansa ta harɗe hannu. Aka yaye ƙyallen tsohon rediyo, Sadiƙ ya murɗa. Shuuu, waƙa, shuuu, sai ga murya ta fito tas kamar mutumin yana cikin akwatin.

"Assalamu alaikum jama'ar Safa. Injiniya Jabiru ke magana daga saman benensa a Kurayyat."

Falon ya ɗauki kabbara. Bandar ya saki baki. Tani ta dafe ƙirji ta ce ko dai yaron nan yana da aljanu ne. Shi kuwa Jabiru, a ƙarƙashin tamfol, gumi na bin sa kamar an matse soso, ya jiyo kabbarar ta taga, kansa ya kumbura. Maimakon ya nemi aure ya rufe baki, sai ya shiga bayanin abin da yake hangowa daga saman benen nasa. Ya ce ga tantabaru suna shawagi. Ya ce iskar kudu tana kaɗawa mai daɗi. Ya gai da Bandar da ya yi masa dariya, ya gai da wata tsohuwa mai zogale, ya ce ya yafe mata jahilci.

A nan wayit ta shawo kwana. Direban ya ga dabbab zaune daram a kan bakin tanki, ya danna hon. Ƙarar ta shigo falon Ammu ta hanya biyu a lokaci guda, ta taga da ta rediyo. Mutane suka dubi taga, suka dubi rediyo. Jabiru ya yi gyaran murya ya ce masu sauraro su yi haƙuri, cunkoso ne a Kurayyat. Direban ya sake dannawa, dogo, sannan gajeru uku. Rediyon ya maimaita, dogo, sannan gajeru uku. Ammu Abdulmohsen ya ce ikon Allah, yau direbobin Jidda sun haɗa baki.

Sai haris ya iso yana dukan jikin dabbab da tafin hannu, yana ihu da Larabci yana tambayar wane marar tarbiyya ne ya toshe tankin gidan Ammu Abdulmohsen, yalla a zo a janye. Kowace kalma ta fito a rediyon, har da ƙarar dukan. Jabiru ya ƙanƙame makirfo ya ce abin sha'awa, su ma a Kurayyat suna da wani Abdulmohsen, mutumin kirki. Sadiƙ ya sulale ƙasa ya rufe fuska da hula. Bandar ya riga kowa isa taga.

Haris ya ga tamfol yana motsi yana magana, ya kama gefe ya fizge. Ga Injiniya Jabiru a dunƙule kamar ɗan tsako, gwangwanin biskit a ƙirji, sandar kifi a hammata, hula ta karkace. Ya ɗaga kai a hankali. Kowace taga ta benen cike take da kawuna, maza a wannan, mata a waccan ta bayan labule, Inna Tani kuwa ta ture labulen gaba ɗaya tana guɗa. Direban wayit, wanda haƙurinsa ya ƙare, ya ja tiyo zai zura ta ƙarƙashin motar, yaron motarsa ya buɗe famfo kafin lokaci, tiyon ya kuɓuce ya yi wa Jabiru wanka daga hula har ƙafa. Abu na ƙarshe da Muryar Kurayyat ta watsa shi ne salatin mai ita, domin ko a cikin ruwan sai da ya ɗaga gwangwanin sama kada ya jiƙe.

Ammu Abdulmohsen ya leƙo ya ce a hawo da baƙo. Jabiru ya hau matattakala sharkaf, ruwa na bin sawunsa, mutane suna darewa suna cije leɓe. Ya durƙusa a gaban dattijon. Tsohon ya dube shi da fuskar nan tasa ta kullum, ya tambaye shi yaya hanya daga Kurayyat.

"Alhamdu lillahi, Ammu," in ji Jabiru da 'yar murya. "Babu cunkoso."

Falon ya fashe. Bandar ya kwanta a kan kafet yana dukan ƙasa, wani dattijo ya nemi a ba shi ruwa, aka tuna babu. Jabiru kuwa bai yi dariya ba. A karon farko ya ji kunya ta gaske ta kama shi, domin ya san Rabi'atu tana bayan bangon nan, ta ji komai, ta ga komai, kuma shi da hannunsa ya gayyato shaidu.

Da aka lafa, Ammu ya ce shi ba shi da amsa, domin ba shi ake nema ba. Ya ce mai amsar ta aiko a kai mata gwangwanin da makirfo, tunda ta iska aka tambaye ta, ta iska za ta amsa. Aka miƙa na'urar ta bakin ƙofar ɗakin mata. Aka ji 'yan ƙus-ƙus da dariya, aka ji Tani tana cewa a hura a ga ko yana aiki. Sannan tsohon rediyon ya yi gyaran murya da muryar mace.

"Assalamu alaikum jama'ar Safa. Rabi'atu ke magana daga birnin Landan."

Sai da aka jira dariya ta sake lafawa kafin ta ci gaba. Ta ce Injiniya Jabiru ya yi haƙuri, ba ta san shi ba, ba ta kuma son saninsa, ya nemi wata. Jabiru ya sunkuyar da kai. Ta ce amma akwai wani mai gyaran mukayyif da ya taɓa zuwa shagon ɗinkinta da tsakar zafi, ya yini a kan tsani har ya gyara, ya kuma ba ta dariya har ta soke yatsa da allura. Ta ce tun ranar ta gaya wa Ammu sunansa da sana'arsa, suna ta jira ya zo ya faɗa da bakinsa. In yana kusa, ya sayo wa Inna Tani zogale, ya mayar wa mata igiyoyin shanyarsu, sannan ya turo manyansa.

Jabiru ya ɗago ya dubi dattijon. Ashe tun ranar gahawa ya sani. Gemun Ammu Abdulmohsen yana rawa, kuma waɗanda suka san shi shekara da shekaru sun rantse a ranar suka fara ganin haƙoransa. Ya ce to ɗana, yanzu mece ce sana'arka. Jabiru ya ce gyaran mukayyif. Dattijon ya ce mashallah, ga na falon nan tun ɗazu yana kuka saboda taron da wani ya tara masa, ya tashi ya nuna.

Aka kawo kujera. Jabiru ya hau da jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya cire murfin mukayyif ɗin, hawaye da ruwan tanka sun haɗu a fuskarsa, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Sadiƙ ya riƙe masa kujerar yana hamdala cewa yau dai abokinsa ya warke. Sai Jabiru ya sunkuyo, ya rage murya yadda duk falon zai ji.

"Amma tsakani da Allah, mutumina, ka ji yadda muryarta ta fito? Tun daga Landan fa, da batir ɗin tocila."